Ɗinki Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya mallaki talabijin a shekaru ashirin ɗin nan ya san numfashin mahaifina, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ya busa sarewar da ake buɗe wasan kwaikwayon nan na ranar Lahadi da ita, wanda aka shekara goma sha tara ana nunawa, har jarumar ciki ta tashi daga amarya ta zama kaka a kan idonmu. Kiɗan minti biyu ne da daƙiƙa arba'in. Direbobin haya suna yin fito da shi, yara sun sa masa baitocin shirme, kuma akwai lokacin da idan waya ta yi ƙara a kantin maganin da nake aiki, sai ka ga mutum uku suna laluben aljihu. Sunan Baba kuwa yana fitowa a ƙarshen shirin cikin ƙananan baƙaƙe, tsakanin mai kula da fitilu da direban motar kaya, daidai lokacin da kowa ya miƙe ya nufi banɗaki.

Wannan bai taɓa damunsa ba. Ni ce nake jin haushi a madadinsa, don a gidanmu ni aka bar wa aikin jin haushi. A wurin aikinsa ma ba wanda yake kiransa da sunansa. A-Sake ake ce masa, manya da ƙanana, har mai shara.

Ga yadda ya samo sunan. Shekara talatin da uku ya yi yana busa sarewar ƙarfe, irin wadda ake riƙewa a kaikaice, a wani ɗakin ɗaukar sauti da bai fi kicin ɗinmu girma ba. Bangon liƙe yake da soso, ba taga, sai gilashi mai kauri guda ɗaya. A bayan gilashin Injiniya yake zama gaban maɓallansa. Shi ne mai ɗaukar sautin, kuma tare suka tsufa da Baba. A saman ƙofa akwai 'yar jar fitila. Idan ta kama, Baba ya fara busa. Idan ya ji abin da bai yi masa ba, ko da kunnen kowa bai kama ba, sai ya cire hannun hagu daga jikin sarewar ya ɗaga shi sama ya ce, "A sake." Injiniya ya danna maɓalli, fitila ta mutu, a koma baya kaɗan. In an dace, Injiniya ya ɗaga babban yatsa ta cikin gilashin ya ce, "Ya yi." Daga baya ya zauna shi kaɗai ya haɗa guntayen da suka fi kyau.

Ba laifin Baba ba ne shi kaɗai, haka aikin yake. Kiɗan fim ba a ɗauko shi a tafi da shi a miƙe. Gutsi-gutsi ake yi, a kan awo: daƙiƙa ashirin don matar da take karanta wasiƙa, daƙiƙa takwas don ƙofar da za a buɗe a hankali. Sai dai sauran makaɗa suna barin wannan ɗabi'a a bakin ƙofar ma'aikata, shi kuwa da ita yake dawowa gida. Wasiƙa ɗaya takan cinye masa takarda shida. Ajiye mota a ƙofar gida, sai ya shiga ya fita sau uku. Idan ya gaida baƙo ya ga gaisuwar ba ta zauna ba, sai ka ji ya ɗauko ta daga "Sannu da zuwa" kamar yanzu mutumin ya shigo. Umma ta ce ranar da ya zo faɗa mata yana sonta, sau huɗu ya fara maganar, a na huɗun ta gaji ta ƙarasa masa.

Umma tela ce. Ɗakin ɗinkinta ne na farko idan ka shigo gidanmu: keke a gindin taga, tebur mai tabon dutsen guga, kwalin ƙyallaye da ba a taɓa zubarwa ba, tef a wuyanta kamar da shi aka haife ta. Mace ce mai sauri, mai baki, wadda in ta yanka yadi ta yanka ke nan, ba waiwaye. Yadda ta zauna da Baba shekara talatin da takwas ba ta jefe shi da almakashi ba, Allah kaɗai ya sani.

Kowace Lahadi, da an saki kiɗan buɗe shirin, sai ta tsayar da keke, ta ɗora hannu a kan teburinsa, ta fara lanƙwasa yatsu. "Ɗaya. Biyu." Ta yi shiru tana sauraro. "Uku." A haka har sha ɗaya.

"Me kike ƙirgawa kuma?" in ji Baba, kamar bai sani ba.

"Ɗinkin Injiniya. Ka ji, nan ma ya haɗa."

"Babu kunnen da zai ji wannan. Ni da na busa ma ba na ji."

"Kai mai busa ne, ni tela ce. Ko da zare kalar yadin aka yi haɗi, sai na gane."

Sun fi shekara suna wannan musu, har wata rana Injiniya ya kawo ɗinkin matarsa, Umma ta tsare shi a bakin ƙofa da tef a hannu. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai abin da ya tuna, guntaye goma sha biyu ya haɗa. Umma ta juya ta kalli Baba.

"Ƙyalle sha biyu, ɗinki nawa ke nan, Malam?"

Baba ya ce shayinsa ya huce, a ɗumama masa.

Tun daga ranar ta ɗauko wata magana ta riƙe, shekara da shekaru. "Ni dai kafin in mutu ina so in ji abin nan yadi guda. Daga farko har ƙarshe, ba almakashi." Cikin wasa take faɗa, da allura a baki, mu ma dariya muke yi. Baba yakan gwada. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya fara, gwanin daɗi, har ya kai wani wuri bayan minti ɗaya da rabi, inda kiɗan yake hawa sama yana neman dogon numfashi. Tudu muke kiran wurin a gida. Da ya iso tudu sai ka ga hannun hagu a sama.

"Wa kake ɗaga wa hannu?" in ji Umma. "Injiniya yana gidansa. Ci gaba mana."

"Bai fita ba. Bari sai ya gyaru."

"Ni a haka nake so."

"Ni kuma ba na ba da abu a haka."

Sai ya koma farko, ya sake tsayawa a tudu, har abinci ya sauka ko wata ta zo awo. An ce hali zanen dutse, to na Baba da guduma aka zana shi.

Bara, Baba yana da shekara uku da ajiye aiki, wata takarda ta zo. Ƙungiyar masu shirya fina-finai za ta karrama Farfesa kan aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Farfesa shi ne ya tsara wancan kiɗan, da wasu ɗaruruwa irinsa. Bai taɓa koyarwa a ko'ina ba, tabarau da yawan bayani ne suka ja masa sunan. Za a yi taron a babban zauren gari, makaɗa arba'in a kan dandamali, ana nuna guntayen fina-finan a farin allo su kuma suna kaɗawa kai tsaye. Kuma ana so wanda ya busa sarewar asali ya zo ya busa ta da bakinsa.

Baba ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce ba za shi ba. Bai taɓa busa a gaban mutanen da suka wuce biyar ba. Da suka bugo waya Umma ce ta ɗauka, ta ce musu yana nan tafe, kuma kujeru biyu muke so a gaba-gaba, tata da tawa.

"Can dai ba gilashi, ba maɓalli," ta ce masa. "Ko ka ƙi ko ka so, sai ka ba ni yadina."

Ya yi ta kame-kame: haƙoransa, numfashinsa, shekaru. Ta bar shi ya gama. Sannan ta cire allurar daga bakinta, abin da ba ta cika yi don magana ba, ta ce, "Da gaske nake, Malam. Ka ce ka yi alkawari." Ya ce ya yi. Sau ɗaya ya faɗa bai maimaita ba, shi ya sa na riƙe ranar.

A kwana biyu ta ɗinka masa riga ruwan toka. Tata kuwa ta yanka, ta haɗa jikin, ta kama hannuwan da fil, ta rataye a bayan ƙofa, ta ce sai ta sallami na mutane tukuna. Tela dai kullum nasa ne na ƙarshe.

Saura sati biyar a yi taron, ranar Talata da hantsi, tana kan keke ta ce, "Kaina." Baba yana falo, ya ce ta sha magani. Da ya leƙo bayan minti goma, ya same ta ta kifa goshi a kan yadin wata. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta buɗe ido ba, har ta cika. Likita ya yi mana bayanin jijiya da jini, ni da nake miƙa wa mutane maganin hawan jini kullum ina ta gyaɗa kai kamar labarin wata yake ba ni.

Ban yi kuka ba. Baba ma bai yi ba. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yaba mana. Wanda likitan haƙori ya taɓa yi wa allura ya san abin da nake nufi: kana taɓa kumatunka, ka san naka ne, amma ba ka jin komai. Haka nake wuni, haka nake kwana. Na karɓi masu ta'aziyya, na aro kujeru, na mayar da kujeru. Na bi littafin awon Umma na kira mata goma sha huɗu suka zo suka karɓi yadinsu, wasu an yanka, wasu ba a taɓa ba. Wata ta tambaye ni ko na san wani tela mai hannu irin nata, na ba ta lambar wani. Goggo, ƙanwar Baba, ta same mu ni da shi muna shan shayi ta ce, "Ku kam wane irin mutane ne?" Ban ji haushi ba. A nan na san abin ya yi nisa, tunda jin haushi ne sana'ata.

Muka kulle ɗakin ɗinki. Baba yana cin abin da aka ajiye masa, yana wanka, yana zama a falo da jarida a buɗe a shafi ɗaya. Abin da kawai na lura, ya daina gyara abubuwa. Ya ajiye mota a karkace ya bar ta haka har kwana huɗu.

Da na ga saura sati biyu, na ɗauki waya zan ba masu taron haƙuri. Ya miƙo hannu ya karɓe.

"Zan je, Auta."

"Baba, ba wanda zai ga laifinka."

"Na ce mata na yi alkawari."

"Ai ba ta..."

"Na sani. Kujerarta dai kada ki ba kowa."

Ni na riƙa kai shi gwaji, sau uku. Mai jagorantar makaɗan wata siririyar mace ce sa'ata, da 'yar sanda a hannu, Mai Sanda nake kiranta. Ta ce da kiɗan nan ta girma, saboda shi ma ta shiga makarantar kiɗa. Labarin Baba ya riga shi isa wurinta, don tun ranar farko ta ja shi gefe.

"Baba, a gwaji kowa yana tsayawa, ni ma ina tsayar da ku. Amma ranar, ko rufin zauren ne ya faɗo, ka ci gaba. Mutum arba'in ne a bayanka, ga hoto yana tafiya a allo, shi kuma ba ya jiran kowa."

Ya ce ya ji. Gwajin ma gutsi-gutsi suka yi shi, daga wannan lamba ta takardar kiɗa zuwa waccan, don lokaci ba ya isa a bi komai a miƙe. Sau uku ya haye tudu a gabana, hannunsa bai motsa ba. Busar ba ta da gishiri, amma ta wuce. Na ce a raina, ashe mutuwa ma tana gyara wani abu. Haka na faɗa, kuma ko kunya ban ji ba.

Ranar taron Asabar ce, ƙarfe huɗu na yamma. Kujerun zauren jajaye ne, sanyin na'ura ya yi yawa, turaren mutane ya cakuɗe har yana hawa kai. A damana kujerar Umma, na ɗora jakata a kai. A haguna Injiniya, ya zo da sandar dogarawa da kunne ɗaya da ya rage masa. Sau biyu masu zaunar da baƙi suna zuwa su tambaya ko akwai mutum a nan. Na ce akwai.

An yi sa'a guda ana jawabi. Mutum biyar suka ce ba za su tsawaita ba, duka biyar ɗin suka tsawaita. Aka raba wa matasa lambobinsu: kiɗan fim mafi kyau, kiɗan shirin yara, kiɗan wasa mai dogon zango. Lambar wani curin gilashi ce mai kama da kwalbar turare, kowa ya karɓa sai ya ɗaga ta sama ya gode wa Allah da uwarsa. Ni ina tunanin ko motata ta toshe wa wani hanya a waje.

Sannan aka kira Farfesa. Ya karɓi tasa, ya cire tabarau ya goge ido, ya yi bayani mai tsawo kan cewa kiɗan fim kamar gishiri yake, ba a sanin yana nan sai an rasa shi. A ƙarshe ya ce, "Akwai wani bawan Allah da ya cinye min rabin rayuwata a ɗakin ɗaukar sauti. A-Sake muke ce masa, don bai taɓa busa layi biyu bai tsayar da mu ba. Yau ga shi nan, ku taya ni roƙonsa." Zaure ya ɗauki dariya. Baba ya fito cikin rigarsa ruwan toka, sarewa a hannu. Ni wuyan rigar nake kallo. Ya zauna daram, ba inda ya tattare.

Mai Sanda ta ɗaga sandarta, masu goge suka fara a hankali, allo ya kawo tsohon hoton buɗe shirin: doguwar hanya, bishiya, mace da akwati. Baba ya kai sarewa baki. Na ga idonsa yana yawo sama-sama, kuma na san abin da yake nema. A gwaji da sandar matar yake farawa, don babu wani abu. Amma yau 'yan talabijin sun zo, sun kafa kyamara taku uku a gabansa, kuma a kanta wata 'yar jar fitila ta kama. Da ya gan ta sai kafaɗunsa suka sauka, ya gyara tsayuwa kamar wanda ya dawo gida.

"Ya samu fitilarsa," in ji Injiniya a kunnena.

Ya busa. Rabon da in ji ya busa haka har na manta. Zauren ya yi wani irin gunji ƙasa-ƙasa, na mutanen da suka ga tsohon sani. Wata a bayana ta fara jan hanci. Ni daƙiƙoƙi nake ƙirgawa. Sittin. Tamanin. Ya kama hawa tudu, ya hau, ya hau, can a ƙoli sautin ya ɗan tsage, tsagewar da ba ta kai silin gashi ba. Na rantse ba mutum uku a zauren da suka ji.

Hannun hagu ya tashi sama.

"A sake," in ji Baba, lasifika ta kai maganar har layin ƙarshe.

A gefena, yatsan Injiniya ya danna hannun kujera. Sau biyu ya danna kafin ya tuna ba maɓalli a wurin.

Makaɗan suka watse kaɗan-kaɗan. Masu goge suka tsaya, mai ganga ya ƙara bugu biyu shi kaɗai. A allo matar tana ta tafiya da akwatinta, ba sauti. Sai wani ya fashe da dariya, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka, da tafi, har da fito. Sun zaci shiri ne, tunda yanzu Farfesa ya gama ba da labarin. Farfesan ma tafi yake yi a saman kansa. Baba kuwa yana tsaye da hannu a sama yana kallon jar fitilar, yana jira ta mutu. Ba ta mutu ba. Sai ya juyo ya dubi layinmu. Ba ni ya duba ba, jakata ya duba. Ya sauke hannun a hankali.

Mai Sanda 'yar halak ce. Ta juyo ta yi wa jama'a murmushi kamar da ita aka shirya, ta ce wa makaɗanta, "Daga lamba shida." Aka mayar da hoton baya kaɗan, suka ɗauko daga gindin tudu. Ya haye shi tas, ba tsaga ko ɗaya, ya gangara har ƙarshe. Zaure ya miƙe tsaye. Na miƙe ni ma, tunda kowa ya miƙe.

A waje mutane suka yanyame shi, kowa yana son hoto, wasu samari suna ta ihun "A sake! A sake!" suna dariya. Ya tsaya musu duka, ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya dafa kafaɗarsa.

"Haba, A-Sake, saki ranka. Daga sha ɗaya ka dawo ɗaya. Ai an ci gaba."

"Ɗaya ma ɗinki ne," in ji Baba.

Da muka isa gida ya cire rigar, ya ninke ta a kan layin gugar da Umma ta yi mata.

Bayan kwana takwas, ranar Lahadi da rana, aka nuna taron a talabijin. Mu biyu muka kalla. An rage jawabai, Allah ya saka wa wanda ya rage. Ga Baba ya fito, ga sarewa, ga mace da akwati. Da aka zo gindin tudu sai hoto ya koma kan Farfesa yana goge tabarau, da ya dawo kan Baba ya riga ya haye. Ba hannu a sama, ba dariya. Kiɗan ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi aikin ya san aikinsa.

Waya ta fara ƙara. Goggo ce ta farko, muryarta har inda nake zaune: "Tiryan-tiryan, Yaya! Ashe ka iya kake wahalar da baiwar Allah shekara da shekaru!" Baba ya miƙo min wayar, na ce mata yana godiya. Na kashe ta gaba ɗaya.

"Sun yi aiki mai kyau," ya ce yana kallon talabijin ɗin da ya koma talla. "Amma da ta gane."

Ya miƙe ya ɗauko akwatin sarewa, ya zaro makullin ɗakin ɗinki daga ƙusar da muka rataye shi. Na bi shi, don ban san abin da zan yi a falon ba. Ɗakin yana nan da warin man keke da ƙamshin sabon yadi. Ƙura ta kwanta a kan tebur. Rigarta tana bayan ƙofa, hannuwan a kame da fil.

"Zauna can," ya ce.

"A kujerar Umma?"

"Eh. Kome ya faru, kada ki ce komai."

Na zauna a gaban keken. Ya harhaɗa sarewar, sannan ya nuna min bango da haɓa. A soket ɗin dutsen guga akwai 'yar jar fitila, sati shida tana ci ba wanda ya lura.

"Rufe min wancan."

Da zan iya kashe soket ɗin kawai. Ban san dalili ba, sai na zaro ƙyalle daga kwalinta na lulluɓe shi.

Ya tsaya a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa, ya fara. Tun a layin farko ya yi tuntuɓe, ya wuce. Numfashinsa gajere ne. Da ya kama hawa tudu na san ba zai kai ba, kuma bai kai ba. A ƙoli sautin ya karye gaba ɗaya, iska ce kawai take fita. Na ga yatsun hagu sun ɗaga daga kan ramukan, wuyan hannun yana neman tashi. Bakin dai bai daina busawa ba. Wani mummunan sauti ya fito, dogo, wanda babu shi a cikin kiɗan. Sannan yatsun suka koma mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro ta ɗaya gefen yana ɗingishi, har ya kai ƙarshe. Ban taɓa jin ya busa abu mai muni haka ba.

Ya sauke sarewar. Bai kalli fuskata ba. Hannuna ya kalla, wanda na ɗora a kan teburin keke, daidai inda take ɗora nata.

"Nawa?"

Da idona na ga bai tsaya ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Babu ko ɗaya, Baba," kuma da na faɗa, gaskiya ce. Amma shekara da shekaru ina zaune kusa da ita tana ƙirgawa, ban taɓa jin ɗinki ko ɗaya ba. Ban san yadda yake ba, balle in san rashinsa. Bakina ya riga ni.

"Ni ban iya ji ba, Baba. Ita ce take ji."

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Haka ne," ya ce.

A nan allurar likitan haƙorin nan ta fara barin jikina, na ji ina kewar uwata kamar raina zai fita. Baba ya jawo kujerar masu jiran awo ya zauna, ya kwantar da sarewar a kan cinya. Bai ce a sake ba. Muka zauna a haka, ni a gaban keke, shi a bakin ƙofa, muna jiran wanda zai ce mana ya yi.